Me Ya Hana a Binne Sarkin Musulmi Bello Kusa da Mahaifinsa?

A Hubbaren Shehu da ke birnin Sakkwato akwai wani rashi da yawancin masu ziyara ba sa lura da shi. Mutum zai tuɓe takalmi ya shiga, a nuna masa kushewar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a nuna masa ta 'ya'yansa Hassan da Muhammadu Sambo, a gaya masa inda Nana Asma'u take kwance, sannan a zagaya da shi wajen sarakunan baya-bayan nan: Abubakar na Uku, Maccido, Dasuki. Ya yi addu'a ya fito, yana ganin ya gaida gidan Shehu kaf. Sai mai yawan tambaya ne zai ja tunga a bakin ƙofa ya ce, to ina Bello?

Bello ba ya nan. Mutumin da ya zana birnin Sakkwato ya yi masa ganuwa a 1809, wanda ya gaji mahaifinsa ya riƙe daula shekara 20, kabarinsa yana Wurno. Ƙanensa Abubakar Atiku, da ya gaje shi, yana Katuru a ƙasar Zamfara. Aliyu Babba yana Wurno kusa da mahaifinsa. Ahmadu ɗan Atiku yana Cimola. Umaru ɗan Aliyu yana Ƙauran Namoda. Attahiru na Ɗaya yana Burmi, can jihar Gombe. Shi kuwa Malam Abdullahi, ƙanen Shehu kuma babban wazirin jihadi, yana Gwandu. Wato maƙabartar da muke ɗauka ta sarakunan Musulmi ce, mafi yawan sarakunan da suka fi suna a ƙarni na 19 ba su cikinta.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce rikicin cikin gida. Kuma ba za a ce babu rikicin ba. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, Malam Abdullahi ya taso ya tarar an rufe ƙofar gari, ya juya ransa a ɓace, ba su daidaita ba sai bayan da Bello ya kai masa ɗauki a yaƙin Kalambaina. Tsakanin Bello da Atiku ma akwai 'yar tsama. Amma a gwada wannan amsa a kan kabarin Bello a gani ko za ta zauna. Ranar da ya rasu a 1837, wa ke da ƙarfin hana shi wuri a gidan ubansa? Waziri Giɗaɗo amininsa ne na ƙut-da-ƙut. Nana Asma'u, matar Giɗaɗo, ƙanwarsa ce da babu wanda ta girmama bayan Shehu kamarsa. In ma an ce Atiku ne ya hana, ai shekara biyar kawai ya yi, sarauta ta dawo hannun Aliyu Babba ɗan Bello, ya riƙe ta daga 1842 zuwa 1859. Da Aliyu yana ganin an wulaƙanta ubansa da kabarin Wurno, da bai zauna a garin ba har shi ma aka rufe shi a can. Zancen gaba ba ya ɗaukar wannan kaya.

Kuskuren yana cikin tambayar ne tun farko. Muna tambayar me ya sa ba a kai Bello maƙabartar sarakuna ba, alhali a 1837 babu wata maƙabartar sarakuna a Sakkwato. Hubbare gida ne. Bayan hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, Shehu ya zauna Gwandu, ya koma Sifawa, sai a 1815 ya shigo Sakkwato, inda aka gina masa gida da masallaci a sashen da aka faɗaɗa garin dominsa. Shekara biyu ya yi a gidan, ta ƙarshen cikin jinya, ya cika a watan Afrilun 1817, aka rufe shi a cikin gidan nasa, kamar yadda aka rufe Manzon Allah (SAW) a ɗakin Nana A'isha. Iyalinsa suka ci gaba da zama a wurin. Wanda ajali ya riska a kusa daga cikin 'ya'ya da mata da almajirai, a rufe shi nan gefe. Haka gidan malami ya riƙa zama maƙabarta sannu a hankali, ba tare da wani ya zauna ya tsara hakan ba.

Kuma a tuna wane ne mai gidan. A cikin Ihya'us Sunna, Shehu ya yi babi a kan jana'iza da kaburbura, yana jan kunne a kan bidi'o'in da mutane ke cusawa a ciki. Mutanen da suka yi karatu a gabansa ba irin waɗanda za su ɗauki gawa su yi ta yawo da ita don neman alfarmar wuri ba ne. Abin da suka sani shi ne a gaggauta sutura. Sun karanta cewa shahidan Uhudu a inda suka faɗi aka rufe su, kuma sun aikata hakan da hannunsu: a Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, jama'ar Shehu ta yi asarar mutane masu yawa, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200, kuma babu wanda aka ɗauko zuwa gida, don a lokacin ma babu gidan. Ga kuma zafin ƙasar. Wanda ya san ranar Sakkwato ya san gawa ba ta jiran tafiyar kwana uku a kan raƙumi.

Wannan ya warware rabin matsalar. Atiku ya fita yaƙin Tsibiri da Gobirawa a 1842, ajali ya cim masa a Katuru kan hanyar dawowa. Umaru ɗan Aliyu ya fita da runduna zuwa Zamfara a 1891, ya rasu a Ƙauran Namoda. Attahiru ya faɗi a fagen fama. Kowannensu an rufe shi inda rai ya fita. Amma Wurno fa? Daga Wurno zuwa Sakkwato ba ta kai tafiyar da za ta gagari mahaya ba. Wanda ya yi sammako zai shiga gari da sauran rana. Da an so a kawo Bello, da an kawo shi. Saboda haka tambayar gaskiya ita ce: me Sarkin Musulmi yake yi a Wurno tun farko, ya bar birnin da ya gina da kansa?

Ribaɗi yake yi. Nan ne bakin zaren.

Littattafan makaranta sun saba mana da cewa jihadi ya ƙare da faɗuwar Alƙalawa a 1808. Wanda ya karanta tarihin shekarun Bello ya san ba haka abin yake ba. Rasuwar Shehu ke da wuya ƙasa ta ɗauki zafi. Abdussalami, wanda rikicin garinsa Gimbana na cikin abin da ya kunna wutar jihadin, ya yi tawaye a Kware, aka ci garin, ya fita da rauni ya rasu a Bakura a 1818. Gobirawa suka sake haɗa ƙarfi a arewa, Katsinawan da aka kora suka kafa Maraɗi, Abzinawa na kai-komo, Zamfarawa yau suna ciki gobe suna waje, Kabawa kuma a yamma ba su taɓa ajiye baka ba. Bello ya gane cewa rundunar da ke taruwa da rani ta watse da damina ba za ta tsare ƙasa ba. Sai ya koma ga wani tsohon tsari na Musulunci: a gina garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da mutane dindindin, a yi masallaci da makaranta da kasuwa, a ba su gonaki, a ɗora musu shugaba daga cikin 'ya'ya ko 'yan'uwa ko amintattu. Ya yi rubutu a kan wannan, ya kuma matsa wa Fulani makiyaya su zauna gari su koyi noma da kiwon dawaki. Wurno ita ce ribaɗin da ya zaɓar wa kansa, tana kallon hanyar da Gobirawa ke bi su shigo kwarin Rima. Yana zaune a cikinta aka yi yaƙin Gawakuke a 1836, inda ya karya haɗin gwiwar Gobir da Maraɗi da Abzinawa, shekara guda kafin rasuwarsa.

Ga malami irin Bello, zama a ribaɗi ba dabarar yaƙi ce kawai ba. Akwai hadisi sananne a Sahihu Muslim, ta hanyar Salmanul Farisi, da ke fifita kwana guda na tsaron iyaka a kan azumi da tsayuwar wata, yana kuma yi wa wanda ya mutu a wannan hali albishir da cewa ladan aikinsa ba zai yanke ba, kuma zai tsira daga fitinar kabari. Mutumin da ya gina siyasarsa a kan wannan, ya tura 'ya'yansa da ƙannensa bakin daga da wannan hujja, ɗauke gawarsa daga ribaɗi a mai da ita cikin birni ba karramawa ba ce a wurinsa. Rage masa daraja ne. Mu ne yau muke ganin kusa da Shehu ya fi. Su a lissafinsu, kabari a bakin iyaka shi ne babban rabo. Shi ya sa Aliyu Babba ya riƙe Wurno, har Baturen nan Heinrich Barth ya sauka a garin a 1853 lokacin mulkinsa. Shi ya sa kuma da sarauta ta koma gidan Atiku a 1859, Ahmadu bai tare a Wurno ba, bai kuma lafe a Sakkwato ba: ya zauna nasa ribaɗin a Cimola, ta wajen Gwadabawa, a can ya rasu a 1866. In aka ɗora waɗannan kaburbura a kan taswira, sai su fito kamar turakun shinge a gefen gona: inda ɓarna ke shigowa, nan aka kafa su.

Mutanen Tambuwal ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan, don a cikin ɗaya daga cikin waɗannan ribaɗoɗi suke zaune, ko da kalmar ta ɓace daga bakin yara. Lokacin da Shehu ya raba ayyukan daula a Sifawa a 1812, ya ba Abdullahi yamma, Bello gabas, sashen kudu kuma ya shiga hannun ɗansa Muhammadu Buhari tare da Abdussalami. Buhari malami ne kuma mawaƙi da Larabci, ya tashi a hannun baffansa Abdullahi, ya yi yaƙe-yaƙe da dama tare da rundunar Gwandu. Tambuwal ce ta zama mazauninsa, kuma ba don daɗin iska aka zaɓe ta ba. Gari ne da ke tsaye tsakanin Sakkwato da Gwandu da kwarin gulbin Zamfara. Wanda ya riƙe shi ya riƙe hanyar da ta haɗa manyan biranen daular biyu, ya kuma sa ido a kan Kabawa. Buhari ya riƙe garin har rasuwarsa wajen 1840, Nana Asma'u ta yi masa marsiyya, zuriyarsa kuma ta ci gaba da sarauta a Tambuwal da Dogon Daji.

A nan sai an yi hattara, don Buhari biyu ne a wannan yanki a zamani guda, kuma masu ba da labari kan cakuɗa su. Akwai Buhari ɗan Shehu na Tambuwal, akwai Buhari ɗan Abdussalami wanda ya kafa Jega bayan an yi sulhu da gidansu. Garuruwan biyu a kan hanya ɗaya suke, ba nisa. Labarin jarumtar ɗaya kan koma kan ɗayan, gwargwadon garin da mai ba da labarin ya fito.

Cewa wannan iyaka ba ta wasa ba ce, abin da ya biyo baya ya nuna. An kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, aka tsare ɗansa Yakubu Nabame shekaru a Sakkwato, aka ɗauka magana ta ƙare. A 1849 Nabame ya koma Argungu ya ɗaga tuta, kuma daga ranar har zuwan Turawa ba a sake mallakar Kabi ba. An sami sararin sulhun da ake kira Lafiyar Toga daga 1867 zuwa 1875, sannan wuta ta sake tashi, musamman zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya kori rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman daga bakin Argungu. Rabin ƙarni ke nan garuruwan kudu maso yammacin Sakkwato suna kwana da ido ɗaya.

Ina mutanen da suka mutu a wannan tsaro? Nan ne binciken ke yin nauyi. Sarkin Musulmi ko a ƙauye ya faɗi za a kewaye kabarinsa, a sa mai kula, sunansa ya shiga littafi. Amma dakaren da kibiya ta same shi a bakin ganuwar Tambuwal, ko malamin da ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa a Sanyinna ko Jabo ko Kuchi, suturarsa irin ta kowa ce. A haƙa rami, a fitar da ƙarami a cikinsa daidai jikin mamaci, a kwantar da shi a gefen dama yana fuskantar alƙibla, a jera itace ko fasassun tukwane, a toshe da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a tara tudu. Babu suna, babu shekara. Damina kaɗan tudun ya kwanta. In jikoki suka shuɗe, sai wurin ya koma "tsohuwar maƙabarta", daga nan ya koma fili, daga fili ya koma fuloti. Ban ga laifin sauƙin suturar ba, ita ce sunna, kuma ita Shehu ya koyar. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muka bar sanin wuraren a bakin tsofaffi kaɗai, muna kallo suna tafiya da shi ɗaya bayan ɗaya.

To yaushe Hubbare ta zama abin da muka sani yau? Bayan 1903. A ranar 15 ga Maris ta wannan shekara sojojin Ingila suka ci Sakkwato a filin Giginya. Attahiru na Ɗaya ya yi gabas da jama'a mai yawa da niyyar hijira, aka tare shi a Burmi a ƙarshen Yuli, ya yi shahada a can. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran har Sudan, inda garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu ke amsa sunansa har gobe. Turawa kuma suka naɗa Attahiru na Biyu, suka zaunar da sarauta a Sakkwato kusa da Razdan. Argungu ta zama masarauta a lardi ɗaya da Sakkwato da Gwandu, Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi suka faɗa hannun Faransa. Iyakar da ake tsaro ta gushe, ribaɗi ya zama gunduma, mai ribaɗi ya zama hakimi mai karɓar haraji da jangali. Sarkin Musulmi ya daina fita yaƙi, saboda haka ya daina mutuwa a hanya. Wanda ke zaune a Sakkwato, a Sakkwato zai cika, kuma ina za a kai shi in ba gidan kakansa ba?

Zamanin Turawa ya kawo nasa irin watsuwar kaburbura, amma ta tilas ce, ba ta zaɓi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari, da ya bar gadon sarauta a 1931, a Wukari ya rasu. Sarkin Kano Alu da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi a Lokoja suka ƙare. Bai kamata a haɗa waɗannan da Wurno da Cimola a ma'auni ɗaya ba.

Sai kuma mota da jirgi, waɗanda suka kashe hujjar nisa gaba ɗaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a haɗarin jirgin ADC a Abuja ranar 29 ga Oktoban 2006, aka kawo shi Sakkwato aka rufe shi a Hubbare. Da a zamanin Atiku ne, da yau kabarinsa na can kusa da inda jirgin ya faɗi, ana kai masa ziyara kamar yadda ake kai wa Burmi.

Labarin da ya fi nuna juyin, a ganina, shi ne na gidan Buhari. Tun daga 1817 sarautar Sarkin Musulmi tana yawo ne tsakanin gidan Bello da gidan Atiku, in ban da Ahmadu Rufa'i ɗan Shehu da ya riƙe ta daga 1867 zuwa 1873. Gidan Buhari na can kudu yana tsaron iyaka, bai taɓa hawa ba. Sai a 1988, bayan rasuwar Abubakar na Uku da ya shekara 50 a kan gado, aka naɗa Ibrahim Dasuki, haifaffen Dogon Daji a 1923, ɗan Sarkin Yamma Haliru. Naɗin ya zo da tarzoma a Sakkwato, don jama'a da yawa Maccido suke jira. A Afrilun 1996 gwamnatin Abacha ta tuɓe shi ta kai shi jihar Taraba, daga baya ya zauna Kaduna. Duk alamu sun nuna kabarinsa zai bi sahun na Tambari. Amma da ya rasu a Abuja ranar 14 ga Nuwamban 2016, sai aka ɗauko shi zuwa Sakkwato aka rufe shi a Hubbare, haraba ɗaya da Maccidon da ya gaje shi. Kakansa Buhari ya bar Sakkwato ya tafi bakin daga don a lokacin can nan ne daraja take. Jikan ya dawo gidan Shehu don yanzu nan take.

Saboda haka babu wanda ya hana Bello kusantar mahaifinsa. Hubbare a matsayin maƙabartar sarakuna 'yar ƙarni na 20 ce. A ƙarni na 19 maƙabartar gidan Shehu ita ce iyakar daula baki ɗaya, daga Gwandu zuwa Cimola, daga Wurno zuwa Katuru. Matan 'yan taru, da suka gaji tsarin karatun Nana Asma'u, da sauran masu ziyara da ke haɗa Hubbare da Wurno da Ɗegel a tafiya ɗaya, sun fi mu masu karatun boko riƙe wannan fahimta.

Abin da ya rage aiki ne, kuma ba mai tsada ba. Katuru tana ƙaramar hukumar Shinkafi, inda 'yan bindiga suka sa zuwa ya zama kasada. Wannan sai tsaro ya samu. Amma Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe da Kuchi suna nan, dattawan da suka san inda tsohuwar ganuwa ta bi da inda aka rufe su wane ba su ƙare ba tukuna. Majalisar Sarkin Musulmi, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su tura ɗalibai gunduma-gunduma, a zauna da limamai da masu unguwanni da masu haƙar kabari, a rubuta sunaye, a auna filayen, a ba ƙananan hukumomi takarda kafin masu yanka fuloti su riga su isa.